Yadda ake farfaɗo da tsofaffin sifikoki a Madarumfa maimakon sayar wa 'yan gwangwan

Daga wakilinmu a Maradi

A gidaje da dama na garin Madarumfa, idan ka leƙa ɗakin da ake tara tarkace, da wuya ka rasa wani dogon akwatin katako da ƙura ta lulluɓe, an ɗora masa tsohuwar tabarma ko buhun gero. Sifika ce ta zamanin kaset. Wasu daga cikinsu sun haura shekara 30, kuma akasarin masu su sun riga sun yanke hukuncin cewa sun mutu, jira kawai ake ɗan gwangwan ya zo ya ɗora su a sikeli.

Amma sau da yawa abin da ya lalace a cikinsu bai wuce wani siririn zoben soso da ke zagaye da bakin babbar sifikar ba, wadda ake kira wufa. Zoben ba shi da nauyin kirki, yana shiga ambulan, kuma mai gyaran da ya san aikinsa yana iya sauya shi cikin yini guda, washegari a karɓa.

Na san haka ne saboda saura ƙiris mu yi wannan asarar a gidanmu.

Gadon da aka kusa aunawa a sikeli

Madarumfa tana kudu da birnin Maradi da tazarar kilomita 20 da 'yan kai, a kan hanyar da ta nufi iyakar Najeriya. An fi saninta da tafkinta da kuma kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta a kewayensa, waɗanda Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO a shekarar 2006 domin neman a sa su cikin wuraren tarihi na duniya. Kusancinta da Jibiya da Katsina da Kano ya sa tun da daɗewa duk wani sabon kaya da ya sauka a kasuwannin arewacin Najeriya ba ya jimawa bai iso nan ba.

A ƙarshen shekarun 1970 da cikin na 1980, lokacin da kuɗin yuraniyom ke yawo a Nijar, na fetur kuma a Najeriya, kayan sauti ƙirar Japan irin su Pioneer da Sansui da Kenwood da Technics da Akai sun zama abin ado a falon 'yan kasuwa da ma'aikata. A irin wannan lokacin mahaifinmu ya sayo nasa guda biyu daga Kano, tun kafin a haife ni. Da su muka tashi muna jin Shata da Ɗanƙwairo da Sa'adu Bori, da su kuma ake sa kaset ɗin tafsiri da azumi.

Daga baya suka fara wani irin gurnani, kamar ana yaga takarda duk lokacin da ganga ta buga. Aka ajiye su gefe. Bayan rasuwarsa, yayana da ke ci-rani a Abijan ya aiko da kuɗi a sayo wa gida sabon akwatin sauti mai caji, ya ce tsofaffin a rabu da su. Ɗan gwangwan ya zo ya taya, kuma abin da ya duba shi ne nauyin maganaɗisu da ɗan tagullar da zai samu. Mahaifiyarmu ce ta hana, ta ce a fara kai wa mai gyara ya gani.

Abin da ke cikin akwatin

Na ɗora su a kan kabu-kabu zuwa rumfar wani dattijo mai gyaran rediyo a kusa da kasuwa. Ko da ya cire yadin da ke gaban akwatin, ya goga yatsa a bakin wufar, sai soson ya marmashe kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Ya danna tsakiyarta a hankali da yatsu biyar, ya kasa kunne, sannan ya ɗauko batirin tocila ya taɓa wayoyinta biyu. Ta yi ɗan tsalle zuwa gaba. Nan take ya shaida min cewa da ranta, riga kawai take buƙata.

Domin fahimtar abin da ya gwada, sai an san yadda wufa ke aiki. Tsarin da ake amfani da shi har gobe ya samo asali ne daga aikin wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, a shekarar 1925. Akwai kwali mai siffar mazurari. A gindinsa an manna kwayil, wato siririyar wayar tagulla da aka nannaɗe a jikin wani ɗan bututu. Kwayil ɗin yana rataye ne a cikin wani matsattsen rami da ke tsakiyar maganaɗisu. Idan amfilifaya ta turo wuta, kwayil ya yi gaba ya yi baya, kwalin ya bi shi, ya tura iska, kunne ya ji sauti.

Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana jin girgiza daga sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan guda. Wufa ita ke ɗauke da ɓangaren ƙasa, wato kaurin sautin da matasa ke kira bes, irin rugugin gangar noma. Siririn sauti, kamar kaifin kukuma, aikin ƙaramar sifikar da ke sama ne.

Abubuwa biyu ne ke riƙe kwalin a tsakiya don kada kwayil ya gogi ƙarfe. Ɗaya wani faifan yadi ne mai lanƙwasa da ke can ƙasa kusa da maganaɗisu. Ɗayan shi ne zoben bakin, wanda a sifikokin gida na wancan zamani aka fi yin sa da soso. Tazarar da ke tsakanin kwayil da ƙarfen da ke kewaye da shi ba ta kai milimita ɗaya ba, don haka da zarar zoben ya yage, komai ya karkace.

Dalilin da ya sa soson ke ruɓewa

Ba don rowa kamfanoni suka zaɓi soso ba. A shekarar 1954 wani Ba'amurke mai suna Edgar Villchur ya fito da dabarar rufe akwatin sifika ruf, ta yadda iskar da ke ciki za ta riƙa yi wa kwalin aikin sifirin. Wannan ya ba da damar samun bes mai zurfi daga akwati matsakaici, amma da sharaɗin bakin wufar ya kasance mai taushi ƙwarai. Soso ya cika wannan sharaɗi, ga shi ba nauyi.

Matsalarsa ita ce ƙarancin kwana. Danshi da zafi da hasken rana suna cin sinadarin da aka yi shi da shi, kuma ko a ƙasashe masu sanyi yakan fara lalacewa bayan shekara 10 zuwa 20, ko ana amfani da sifikar ko tana ajiye. A yankin Maradi kuwa, inda zafin watannin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, damina ta biyo da danshi, hunturu kuma ya zo da ƙura, abin ya fi sauri. Ga ɓeraye da kyankyasai da ke shiga ta ramin iska, ga gara da ke cin katako idan akwatin ya daɗe a ƙasa.

Babbar ɓarnar tana faruwa ne bayan soson ya yage aka ci gaba da kunnawa. Kwayil ya riƙa gogar ƙarfe har fentin da ke jikin wayar ya kankare, wuta ta haɗu, ya ƙone. Wani lokaci ma ya tafi da amfilifayar. Gyaran da bai wuce sauya zobe ba sai ya koma babban aiki. Abin da ya ceci namu shi ne an daina kunna su da wuri.

Yadda aka yi aikin

Dattijon ya kwance wufar daga akwati, ya sa alama a kan wayoyin don kada ja da baƙa su rikice wajen mayarwa. Ya kankare ragowar tsohon soso da gam daga jikin ƙarfen da ƙaramar wuƙa. A bakin kwalin kuwa yatsa ya sa yana murzawa a hankali, saboda tsohon kwali ba ya son wasa. Ya goge da sifirit ya bar shi ya sha iska.

Sabon zoben sai da aka aika Maradi aka nemo mai daidai da inci 10. Ya fara manna gefen ciki a jikin kwalin. Sannan ya zo wurin da ake gane gwani. Ya yanke 'yar hular da ke tsakiyar kwalin, ya zura siraran yankan leda mai ɗan tauri a kewayen kwayil ta ciki, don su tsayar da shi daidai tsakiya. Sai da ya tabbatar babu inda ya karkata sannan ya manna gefen waje a jikin ƙarfen. Washegari ya zare ledojin, ya sake dannawa da yatsu, bai ji gogayya ba, ya mayar da hular.

Abin da ya fi jaddada min shi ne batun gam. Ana buƙatar wanda zai bushe ya ci gaba da lanƙwasuwa. Sufa-gulu yana ƙandarewa kamar gilashi, yana cinye soso, kuma da zarar wufa ta fara motsi sai wurin ya tsage. Ya kuma dage cewa a gyara duka biyun lokaci guda, ko da ɗaya ba ta gama yagewa ba, domin idan ɗaya ta yi taushi ɗaya ta yi tauri, sautinsu ba zai daidaita ba.

Idan ba a samu zobe ba, masu gyara kan yi dabara. Wasu su yanko yadi su shafe shi da gam, wasu su yi amfani da tsohon tif na babur. Sifika takan yi magana bayan haka, kuma ga mai sanarwa a kasuwa ko mai tallan magani hakan ya wadatar. Sai dai roba mai kauri tana ɗaure kwalin, bes ya ragu, sautin ya koma kamar ana buga gwangwani. Ga sifikar da aka ƙera domin sauraro a falo, wannan dabara ta wucin gadi ce.

Idan kwayil ya riga ya ƙone

Ana gane haka da mita. Wufar da aka rubuta mata om 8, idan lafiya take, mita takan nuna kusan 6 ko 7. Idan ba ta nuna komai ba, waya ta tsinke. Idan ta nuna kusan sifili, wuta ta haɗu. Wani lokaci ma ƙaurin ƙuna kaɗai ya isa shaida.

A nan ma da sauran dama. Masu naɗin kwayil suna warware ƙonanniyar wayar suna ƙirga zagayenta, sannan su naɗa sabuwa mai kauri iri ɗaya, zagaye iri ɗaya, tsawo iri ɗaya. Aiki ne na haƙuri da kyakkyawan gani. Wanda ya naɗa da ka, ko ya sa wayar da ta fi kauri don ita ce a hannu, ya canza wa sifikar hali gaba ɗaya. Ko ta riƙa jan wutar da ta fi ƙarfin amfilifaya, ko kwayil ya cika ramin ya fara goga.

Irin wannan aiki ne ke riƙe da masu gyara a yanzu, tun da kaset ya ja baya. Masu kiɗan biki da masu haya da kayan sauti don wa'azi da taron siyasa suna ƙona kwayil a kai a kai, saboda ƙure ƙara da kuma wutar janareta mai hawa da sauka. Ga kuma lasifikokin masallatai masu siffar ƙaho, irin na kamfanonin TOA na Japan da Ahuja na Indiya, waɗanda su ma ake sauya musu kwayil idan sun yi shiru.

Tarkon sabuwar wufa

Mutane da yawa suna ganin hanya mafi sauƙi ita ce a cire tsohuwar a jefar, a sayo sabuwa mai faɗi ɗaya a ɗaura. A nan aka fi yin asara.

Kowace wufa an ƙera ta ne tare da akwatinta. Injiniyoyi biyu da suka yi aiki a Ostireliya, Neville Thiele a 1961 da Richard Small a farkon shekarun 1970, su ne suka tsara lissafin da ke haɗa nauyin kwali da taushin baki da ƙarfin maganaɗisu da girman akwati. Wufar da aka yi domin rufaffen akwati ba ta jin daɗi a akwati mai ramin iska, haka ma akasin haka. Biyu suna iya zama inci 12 dukansu, amma halinsu ya sha bamban.

Akwai kuma batun om. Galibin wufofin mota om 4 ne, na gida kuma na wancan zamani galibi om 8. Idan aka ɗaura mai 4 a inda aka tsara wa mai 8, amfilifaya za ta riƙa ba da wuta kusan ninki biyu, ta yi zafi, wata rana ta tsaya. Ita ma 'yar na'urar da ke cikin akwati tana raba sauti tsakanin babbar sifika da ƙarama, an lissafa ta ne bisa om ɗin asali, don haka rabon ya lalace.

Sai kuma manyan lambobin da ake rubutawa a jikin kwali. Wat 2,000 ko 5,000 da ke tare da haruffan PMPO talla ce kawai, babu wani ma'auni da aka amince da shi a bayanta. Lambar da ke da ma'ana ita ce mai haruffan RMS. Tsohuwar sifika mai wat 40 na gaskiya tana iya cika falo fiye da sabuwa mai ɗauke da dubbai a rubuce.

Idan dai dole sai an sauya, to a dace da faɗi da om da irin akwati, a sauya duka biyun, kuma a adana tsofaffin. Wata rana za a iya samun mai farfaɗo da su.

Kayan gyara da halin da iyaka ke ciki

Zoben soso da kwali da wayar naɗi da gam, duk daga waje suke zuwa. Akasari ƙirar Chaina ne, suna sauka a Legas, su biyo ta kasuwar Alaba zuwa Sabon Gari a Kano, sannan Katsina da Jibiya, su ƙetaro ta Ɗan Isa. Saboda haka duk abin da ya taɓa iyaka sai ya taɓa teburin mai gyara.

Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu a Agustan 2019, sai a Disambar 2020 ta fara buɗe wasu daga cikinsu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka sake rufe iyakar, Najeriya kuma ta katse wutar lantarkin da take turowa, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da Nijar ke amfani da shi. Sai a Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, aka buɗe iyakar a watan Maris. Ga kuma matsalar 'yan bindiga da ta addabi ƙauyukan bakin iyaka ta ɓangarorin biyu, wadda ta sa tafiya sayen kaya ta zama abin lissafi.

A irin waɗannan lokuta ne ake komawa ga yadi da tif, kuma a lokutan ne ake fi fasa tsofaffin sifikoki don a ciri kayan gyaran wasu.

Abin da ɗan gwangwan bai ƙirga ba

Ba kowace tsohuwar sifika ce mai daraja ba. Akwai masu akwatin da ya riga ya rududduge, akwai waɗanda tun asali masu araha ne. Amma akwai waɗanda masu sha'awar tsofaffin kayan sauti a Turai da Amurka da Japan ke nema ido rufe a shafuka irin su eBay, kuma sun fi son wadda ke ɗauke da wufarta ta asali, ko da an sauya mata zobe.

Wani abin lura shi ne maganaɗisu. Kafin ƙarshen shekarun 1970, manyan kamfanoni da dama suna amfani da wani nau'i da ake kira alniko, haɗin alminiyom da nikel da kobalt. A 1978 yaƙi ya ɓarke a Kolwezi da ke lardin Shaba na ƙasar Zayar, wato Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta yanzu, inda ake haƙo kaso mai yawa na kobalt ɗin duniya. Farashinsa ya yi tashin gwauron zabi, kamfanoni irin su JBL suka koma amfani da baƙin maganaɗisun da muka saba gani yau. Duk sifikar da ke da irin na farko, fasa ta don a auna ƙarfenta babban kuskure ne.

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 kan sharar kayan lantarki ya nuna cewa duniya ta zubar da tan miliyan 62 a shekarar 2022, kuma abin da aka tattara aka sarrafa a hukumance bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. A Afirka bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Sabbin akwatunan sauti masu caji suna da amfaninsu, musamman inda wuta ba ta tsayawa, amma da yawansu an like su ne ta yadda idan batiri ko allon ciki ya mutu, buɗewar ma aiki ce. Tsohuwar sifika kuwa kusoshi ne ke riƙe da ita.

Ga masu aiko da kuɗi gida

Wanda ke zaune a Faransa ko Ingila ko Amurka ko ƙasashen Larabawa, yana da damar da mai gyara a Madarumfa ba shi da ita. Ana sayar da zoben soso da gam ɗinsa a intanet, wanda aka yanka daidai da kowace ƙira. Abin da ake buƙata shi ne a ɗauko hoton takardar da ke bayan akwatin mai ɗauke da suna da lamba, a kuma auna faɗin kwalin da na ƙarfen da ke kewaye da shi, a turo ta WhatsApp. Zobe biyu ba su da nauyin da zai dami mai ɗaukar saƙo.

Mutanen gida kuma, da zarar an ji wufa ta fara gurnani, a kashe. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a nisanta shi da taga da hasken rana, a rufe shi da yadi lokacin hunturu.

Damuwar da ta rage ita ce ta hannun da zai yi aikin. Duk tsawon kwana biyun da na yi ina zuwa rumfar dattijon, ban ga yaro ko ɗaya yana koyo ba. Na tambaye shi, Baba ina almajiranka, sai ya nuna min layin masu gyaran waya da ke tsallaken hanya, inda matasa suka cika benci. Ba laifinsu ba ne, can ciniki yake. Amma naɗin kwayil da daidaita kwali ba a koyonsu a rana ɗaya, kuma masallatai da masu biki ba za su daina buƙatarsu ba.

Ranar da na mayar da sifikokin gida, muka haɗa su da tsohuwar amfilifayar, muka jona waya a jikinta. Mahaifiyarmu ta ce a fara sa karatun da mahaifinmu ya fi so. Na ɗauki sautin na tura wa yayana a Abijan. Bai ce komai a kan sabon akwatin da ya sa aka saya ba. Abin da ya tambaya shi ne ko rakodar kaset ɗin ma tana nan, kuma nawa ne kuɗin gyaranta.